Ku Tambayi Kawu: Dawakin Roba Na Ado Da Ake Yi 'Yan Kaɗan A Rufe

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili namu. Wannan karon saƙonnin da na ware duk kan abu ɗaya suke, wato dawakin nan na roba da na tangaran da mutane ke tarawa don ado, musamman irin waɗanda kamfani ke yin wani adadi ƙayyadadde daga nan ya rufe. Harkar dai asalinta ta Amurka da Ingila ce, can take da jama'a da kasuwa, amma tunda 'yan uwa na zuwa karatu da aiki suna dawowa da tsaraba, ga kuma saye ta intanet, sai gashi ta fara shigowa falukanmu. Bismillah.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. Yayana dake aiki a Amurka ne ya kawo min wani dokin roba a kwali an rubuta Breyer a jiki, ja ne mai farin goshi, wallahi har jijiyoyin ƙafarsa ana gani. Yace kar in kuskura in bawa yara wai kaɗan akayi irinsa a duniya. Ni dai na ɗauka zolayata yake, roba fa Kawu? Dan Allah a min bayani. Daga wani matashi a Gwale, Kano.

AMSA: Ɗana yayanka ba zolayarka yake ba, roba ce kam amma ba irin robar bokiti ba. Kamfanin Breyer a birnin Shikago ya fara, kuma da farko ba ruwansa da dawaki, kayan roba kawai yake zubawa wasu kamfanoni. A 1950 aka basu aikin wani doki da za'a ɗora kusa da agogon ajiye kan tebur don ƙawa, sai mutane suka dinga cewa su dokin suke so ba agogon ba, toh daga nan fa aka ɗauko hanya. A 1984 kamfanin Reeves International na jihar New Jersey ya saye shi, daga baya kuma aikin zubin ya koma Chaina, amma har gobe da hannu ake fentinsu, ana feshe jikin sannan a bi ido da kofato da burushi, shi yasa zaka ajiye guda biyu iri ɗaya ka ga inuwar kalar wannan ta ɗan fi ta wancan duhu.

Girma-girma ne dasu. Babban da aka fi tarawa shine wanda suke cewa Traditional, ɗaya bisa tara na dokin gaske, tsayinsa wajen inci 9, akwai na ɗaya bisa 12, sai 'yan ƙananan Stablemates na ɗaya bisa 32 da aka fara a 1975 waɗanda zaka rufe ɗaya a tafin hannunka. Da yawansu hoton dawakin da suka yi suna ne, irin su Secretariat da ya cinye manyan tsere uku na Amurka a 1973, da Man o' War, da American Pharoah da shi ma ya cinye manyan tseren ukun a 2015.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Gwanin sassaƙa shi ke fara yin siffar dokin, daga nan a yi mazubi na ƙarfe, kuma mazubin nan ɗaya za'a yi shekara da shekaru ana zuba dawaki dashi ana canza musu kala da suna. Saboda haka in ance maka kaɗan akayi, mafi yawan lokaci kalar ce kaɗan ba siffar ba. Kuma kaɗan ɗin ma hawa-hawa ce. Akwai wanda ake yi na shekara ɗaya kawai kamar dokin kirsimeti da suke fitarwa duk ƙarshen shekara, shi wannan lokaci aka ƙayyade masa amma dubbai ake zubawa. Akwai wanda ake yiwa wani kanti shi kaɗai, akwai na 'yan kulob da sai ka biya kuɗin zama mamba kafin a sayar maka. An taɓa yin wani jeri da suka kira Connoisseur da aka fara a 2001 (yanzu an daina), kowanne guda 350 rak, a lokacin sai an jefa ƙuri'a sunanka ya fito sannan a baka damar saye da kuɗinka. Sannan akwai na bikin BreyerFest da ake yi duk watan Yuli tun 1990 a filin dawaki na Kentucky Horse Park dake birnin Lexington a Amurka, kwana uku ana abu ɗaya, wanda ya yanki cikakken tikiti ana haɗa masa da dokin bikin na shekarar, akwai na ƙuri'a da basu kai 30 ba, sai na gwanjo wanda shi kaɗai ne tal a duniya.

Toh naka wanne ne a ciki? Duba kwalin ka ga lamba da sunan dokin, ka leƙa ciki ko akwai takardar shaida mai ɗauke da adadin da akayi, ka juya cikinsa ka ga ko an buga wani rubutu kamar sunan biki da shekara. In ka samu lambar ka shiga shafin Identify Your Breyer, nan masu harkar suka jera kusan duk dokin da kamfanin ya taɓa yi da shekarunsa. Ko ma wanne ne dai ka bi maganar yayanka, ka ɗaga shi sama inda hannun yara baya kai.

TAMBAYA: Salam Kawu. Ni ɗan kasuwa ne, wani abokin hulɗata ya nuna min a waya an sayar da irin dokin nan kuɗin da zai sayi mota. Inaso in ware wasu 'yan kuɗi in sayi kamar guda ashirin masu lamba in ajiye shekara biyar in sayar. Ya ka gani? Daga Alhaji a Kantin Kwari.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, in dai shawarata kake nema toh kar ka yi, ka bar kuɗinka a harkar da ka sani. Labarin da aka nuna maka ba ƙarya bane, a gwanjon BreyerFest an sha sayar da doki ɗaya dubban daloli, akwai wanda ya haura dala dubu 20, amma waɗannan su ne tilo ɗin da na faɗa a sama, ga kuma zafin gwanjo da gasar masu kuɗi, wani kaso na kuɗin ma ƙungiyoyin agaji ake bawa. Dokin kanti na yau da kullum wajen dala 50 yake, kuma da yawansu bayan shekara goma in ka samu kuɗinka ya dawo ka gode Allah.

Kai da ka san atamfa zaka fi kowa ganewa, zane ɗaya ne ake bugawa kala-kala, wata kalar mata su yi rububinta wata ta kwana a shago duk da daga inji ɗaya suka fito. Haka dawakin nan suke. Lambar dake kan takarda ita kaɗai bata sa daraja, sai an haɗa da son da mutane ke yiwa wannan mazubin, da kyan kalar, da lafiyar jikin dokin. Zaka ga wanda akayi guda 500 yana yawo ba mai taya shi saboda siffar bata burge kowa ba, ka ga wanda akayi dubbai ana nemansa ido rufe. Misali Alborozo, ingarman ƙasar Sifen da Brigitte Eberl ta sassaƙa, shi akayi dokin bikin 2008, ba wai kaɗan akayi sosai ba, amma kamfanin ya lalata mazubin bayan bikin, kaga kenan ba za'a ƙara zuba wannan siffar da girman ba, ga shi kuma aikin ya yi kyau na gaske, shi yasa har yau yake da tsada.

Tsufa ma ba shi bane. Akwai wasu dawakin Larabawa, ingarma da goɗiya da ɗan dukushinsu, da aka yi ta zubawa tun wajen 1960, sun tsufa amma suna nan birjik a gidajen Amurka, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A wancan zamanin dai kamfanin ya fitar da wasu masu kalar shuɗi da ruwan zinare don adon falo, mutane suka ƙi saye don basu taɓa ganin shuɗin doki ba, aka daina yi da wuri, yau su ne ake biyan dala dubu ko fiye in an samu mai lafiya. Wa ya isa ya hango haka a lokacin? Babu. Sannan kamfanin kan iya tashi gobe ya fitar da mazubin da ka ɓoye a kalar da ta fi taka kyau, farashin naka ya sauko.

Ga kuma namu matsalolin na nan gida. Masu sayen suna Amurka da Turai ne, zaka biya jigila da kwastam wajen shigowa, ka sake biya wajen fita, ga canjin dala, ga mai saye da zai ce sai ya ga hoton kowane kunne da kowane kofato, ƙwarzane ɗaya a baki ya rage maka kuɗi, ga shekara biyar na zafin Kano a kan roba. In kana son doki ne Alhaji ka sayi ɗaya ko biyu da suka kwanta maka a rai ka sa a sho-gilas ɗin falo, wannan kam zan ce Allah ya sa albarka.

TAMBAYA: Kawu ina wuni. Maigidana Allah ya jiƙansa ya bar dawakin nan guda shida da ya zo dasu daga karatu tun da daɗewa. Yanzu farin ya koma ruwan ɗorawa, ɗaya ƙafarsa ta lanƙwashe baya tsayuwa, ɗaya kuma wani wari yake mai tsami yana naso. Bana son su lalace don abun tunawa ne a wurina da yara. Me zanyi? Daga wata Hajiya a Sakkwato.

AMSA: Allah ya jiƙansa da rahama Hajiya, ya raya abunda ya bari. Tambayarki ita ce ta fi damuna a duk saƙonnin, don abunda ke kashe dawakin nan a ƙasarmu zafi ne, kuma ke kina inda bazara ke haura digiri 40.

Robar da ake yinsu da ita sunanta selulos asitet, kuma cikin dokin holoƙo ne, iska ce a ciki. In kika duba da kyau a hanci ko gefen baki zaki ga wata 'yar ƙaramar huda, an yi ta ne don iskar ta samu hanyar fita, in ta toshe ko babu ita sai zafi ya sa robar ta yi laushi iskar ta kumbura cikin, dokin ya yi tulu, ƙafafu kuma su buɗe saboda nauyin jiki. Don haka abu na farko ki raba su da saman wardirob dake dab da rufin kwano, da sito, da bakin taga, ki nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan ki sa su ƙasa-ƙasa jikin bangon da rana bata duka. Kar a taɓa barinsu a mota ko na awa ɗaya ne.

Mai lanƙwasasshiyar ƙafar yana gyaruwa. Ki samu ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba a kofi, ki tsoma ƙafar kaɗai na ɗan lokaci har ki ji ta yi laushi, ki miƙar da ita a hankali da yatsu ta cikin tsumma mai laushi, ki riƙe a haka ki tsoma a ruwan sanyi. Handiraya ma tana yi amma daga nesa-nesa kar fentin ya ƙone. In bata miƙe a karo ɗaya ba ki sake, kar ki yi da ƙarfi.

Farin da ya koma ɗorawa, masu harkar a Turai rana suke saka shi a bakin taga har ya washe, kuma yana yi, sai dai ranarsu ba tamu bace. Ke ki bari sai hunturu, ki ajiye shi inda hasken safe ke shigowa ki ɗauke kafin hantsi ya dubi ludayi, kina juya shi kullum, ki dinga taɓa jikin in kika ji ɗumi ki ɗauke. Zai ɗauki makonni, a yi haƙuri dashi. Wanka kuma ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa da tsumma mai laushi ya isa, banda soso, banda goge da ƙarfi. Dan Allah kar a kusanto musu da ruwan goge jan farce, shi narkar da robar yake ba fenti kaɗai ba, haka fetur da kananzir da sanitiza da turaren fesawa. Ƙurar hunturu kuma ki ware sabon burushin hoda ki dinga kakkaɓe musu, don in kika goga tsumma a kan busasshiyar ƙura kanta ke ƙwarzane fentin. Wani abun da bamu cika lura ba shine turaren wuta, hayaƙinsa na kama jikinsu ya ƙara musu ɗorawar, in za'a turara ɗakin a rufe gilas ɗin tukuna.

Shi kuma mai tsamin wari, gaskiya ɗaya ce Hajiya, bashi da magani. Wasu daga cikin waɗanda aka zuba daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 an samu matsala a robarsu, tana ruɓewa da kanta tana fitar da ruwa mai warin binega, dokin ya dinga ƙanƙancewa kalarsa na koɗewa. Ba laifin ajiyarki bane. Ki ware shi daga sauran, ki sa shi kan faranti inda iska ke wucewa, ki dinga goge nason, kar ki rufe shi a leda ko kwali don hakan ƙara masa sauri yake, sannan ki sa yara su ɗauke shi hoto mai kyau tun yanzu yana da siffarsa.

TAMBAYA: Kawu na tsinci wani doki a kayan gwanjo cikin buhun kayan wasan yara, naira kaɗan na biya. Ya zan gane na ainihi ne ko jabu? A ƙasansa naga an sa Chaina. Daga ɗalibi a Samaru, Zariya.

AMSA: Ganin Chaina kar ya karya maka gwiwa ɗana, na ainihin ma yanzu can ake yi. Ka juya dokin ka duba cikin cinyar baya ko ciki, na Breyer zaka ga ɗan hatimi a jikin robar da sunan kamfanin, tsofaffin an sa Breyer Molding Co, na baya-bayan nan kuma da sunan Reeves a haɗe. Ka ƙwanƙwasa shi da farce, na ainihi yana da ɗan nauyi da kauri, kwaikwayon da aka yi ta yi a Hong Kong shafal yake, ƙararsa ƙwas-ƙwas, wurin haɗin kuma ba'a goge shi ba. In kuma dokin ƙarami ne cikinsa a cike, da nauyi, robar tana ɗan danƙo, toh wataƙila Schleich ne na Jamus, kamfanin da Friedrich Schleich ya kafa a 1935, su ma suna buga suna a ciki, kuma su aka fi samu a buhunan gwanjo. Shekarar da zaka gani a jiki yawanci ta mazubin ce, ba ranar da aka zuba naka ba. In na tangaran ne ka duba ko an buga Beswick England, tsohon kamfani ne na garin Stoke-on-Trent a Ingila da kamfanin Royal Doulton ya saya a 1969, masu tarawa a Ingila na ji dasu, amma ka haska fitilar waya a ƙafafu da kunnuwa ko an taɓa liƙawa.

Wani abu ɗaya, in tsohon Breyer ne ka ga farin jikinsa ya yi kauri kamar an shafa alli, har ƙasan kofato fari ne da alamar fenti ya taru, kar ka kankare. A shekarun 1970 lokacin tsadar man fetur farar roba ta yi wuya, kamfanin ya zuba wasu da roba mai kala ya bi da farin fenti kafin ya sa kalar dokin, kuma irinsu ana nemansu.

TAMBAYA: Malam Kawu, duk wannan bayanin naji, amma ya halatta musulmi ya jera mutum-mutumin dabba a ɗakinsa kuwa? Ni abun na min nauyi a zuciya. Daga wani bawan Allah a Maraɗi.

AMSA: Malam ka yi tambaya mai kyau, kuma nauyin da kake ji ba abun rainawa bane. Hadisai ingantattu sun zo da hani kan surar abu mai rai, har da cewa mala'iku basa shiga gidan da akwai sura, kuma a kan haka mafi yawan malamai suka hana ajiye cikakken mutum-mutumi don ado. A ɗaya ɓangaren kuma akwai hadisin da Abu Dawud ya ruwaito na Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga doki mai fukafukai biyu na ƙyalle cikin 'yan tsananta ya tambaye ta, tace ai Annabi Sulaimana yana da dawaki masu fukafukai, ya yi dariya. Daga nan malamai suka yi sauƙi kan kayan wasan yara. Kaga kenan akwai bambanci tsakanin abun wasan yarinya da babba ya jera a gilas, kuma wannan hukunci na malamin da ka yarda da iliminsa ne, ka je ka same shi da dokin a hannu ka faɗa masa dalilin ajiyewar. In zuciyarka bata natsu ba ka bari, son doki na da ƙofofi da yawa, ga tara kayan doki na gaske, tsofaffin likkafu da linzamai na tagulla da maƙeranmu suka yi suna nan suna ɓacewa ba mai adana su.

TAMBAYA: Gaisuwa Kawu. Ni baduku ne, gadon gidanmu ɗinkin kayan doki. Ɗana ya nuna min bidiyo wai Turawa na gasa da dawakin roba harda 'yan sirada ƙanana. Da gaske ne? Kuma irin aikinmu zai shiga? Daga Damagaram.

AMSA: Sannu da aiki maigida, wannan saƙon naka ya faranta min rai ƙwarai. Da gaske ne. Suna kama zaure a jera tebura, kowa ya kawo dawakinsa, alƙali na zagayawa yana dubawa, akwai kuma wadda ake yi da hoto kawai ta intanet, wannan ko daga Damagaram ana iya shiga. A Amurka suna da ƙungiyar masu shirya irin wannan gasa mai suna NAMHSA, dokin da ya zo na ɗaya ko na biyu a gasar da ta amince da ita ana bashi kati da zai kai shi babbar gasar ƙasa. Rukuni-rukuni ne, akwai inda ake duba ko siffar ta dace da irin dokin da aka ce shi ne, akwai na ƙarancinsa da tarihinsa, akwai na waɗanda masu zane suka kankare suka sake wa fenti ko suka canza musu tsayuwa, har da na rezin, wata irin roba ce, da mai sassaƙa ke zuba 'yan kaɗan ya sayar ba fenti. Sai rukunin da ya shafe ka, inda ake ɗaura wa dokin sirdi da linzami a nuna yana wani aiki, a ciki akwai ajin kayan gargajiya, kuma kayan Larabawa da na kaboyi sun cika wurin.

Toh ina namu? Mu da muke da hawan sallah da hawan daushe, wanda na Kano ma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2024, wallahi in aka ɗora ɗan ƙaramin sirdi mai ƙwacciya da jalala da ɗan kai da dagumi da faffaɗar likkafa, ko a yi ɗan lifidi cikakke, ba wanda zai wuce teburin bai tsaya ba. Alƙalansu na son a ajiye ɗan kati da hoton abun na gaske da bayani a gefe, kai kuwa hotunan na gidanku ne.

Wajen aikin, tunda manyan dawakin robar ɗaya bisa tara na dokin gaske ne, duk awon da ka sani ka raba shi gida tara. Fatar akuya ita zata yi amma sai ka fefe ta ta koma kamar takarda, in ba haka ba majayi zai yi tudu a cikin dokin, zaren ado kuma ka warware shi ka ɗauki sili ɗaya. Abunda zaka kiyaye sosai shine rini, jar fatarmu da baƙa suna zuba, in suka kwana a jikin farin doki cikin zafi tabon baya fita, don haka ka yi wa duk inda zai taɓa jiki shafi da farin ƙyalle, kuma a cire kayan da an gama hoto. Ka nemi doki ɗaya mai rauni wanda fentinsa ya riga ya lalace, irinsu da araha ake sayarwa, ya zama shi ne na gwajin awo. Siffar dawakinmu na Barb da Dongola masu ɗan tudun hanci da dogayen ƙafafu ba kasafai ake samunta ba, kasuwar ta fi cika da na Larabawa da na tsere da na makiyayan Amurka, amma in ɗanka na da hannun zane ya zaɓi mai siririn jiki ya mayar dashi kili ko akawal ko hurde ko danda, ya rubuta sunan kalar da Hausa a katin. In kun yi ku turo mana hoto mu buga a wannan shafi.

TAMBAYA: Kawu 'yata mai shekara 7 ta nace sai an saya mata, wanne zan fara dashi? Kuma wai in an buɗe kwali darajar ta tafi? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: 'Yata ki fara mata da na kamfanin Schleich ko na kamfanin CollectA, suna jure faɗuwa da wanka da yawo a jakar makaranta, manyan Breyer kunnensu da jelarsu na karyewa in suka faɗo kan tayil. 'Yan Stablemates ma sun yi, amma in akwai mai rarrafe a gidan a kula don ƙanana ne. Mai lamba da takarda ki bari sai ta girma ta nuna tana iya adanawa.

Maganar kwali kuma ni ina cikin masu cewa a buɗe. Sayen wanda ba'a taɓa buɗewa ba cinikin biri a sama ne, gefe ɗaya kawai kike gani, wayoyin da aka ɗaure ƙafafun dasu na cin fenti, ga zafi na taruwa a cikin ledar. Ki yanke wayoyin da almakashi kar ki ja, ki ninke kwalin ki ajiye shi da takardar shaidar a wuri mai bushewa inda gara bata kai. In tafiya ta kama ki naɗe dokin da tsohuwar farar riga ta auduga tukuna, kai da jela ki ƙara musu ninki, sannan ki bi da ledar nan mai ƙurajen iska daga waje, don in ta taɓa fentin kai tsaye cikin zafi tana barin shaidar ƙurajenta a jiki, jarida kuma tawadarta ke zuba. A sa shi tsakiyar akwati cikin kaya masu laushi, ba a but ɗin mota ba.